Tsohon Agogon Nutso Mai Haɗin Gambiza: Yadda Za Ka Gane Asalinsa, Ka Yi Masa Kuɗi

Agogon masu nutso a teku da aka ƙera a shekarun 1960 da 1970 kayan aiki ne, ba don ado aka yi shi ba. Sojojin ruwa da masunta da ma'aikatan haƙar mai ne suka ɗaura shi, ya sha gishiri, ya sha bugu, ya je hannun masu gyara ba sau ɗaya ba. Kowane zuwa kuwa akwai abin da ake cirewa a sa wani: yau gilashi, gobe hannaye, wata rana fuskar ɗungurungum. Da wuya ka sami wanda ya haura shekara 40 ba a canja masa komai ba. Saboda haka tambayar "an taɓa shi?" ba ta kai ka ko'ina. Abin da za ka bincika shi ne me aka cire, me aka sa a gurbinsa, kuma nawa wannan canji ya zaftare daga kuɗinsa.

Babban misalina shi ne Seiko 6309-7040, wanda masu tara agogo ke yi wa laƙabi da kunkuru saboda faɗin jikinsa. An ƙera shi daga 1976 zuwa 1988, ya bazu duniya, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa haɗe-haɗe. Inda ƙa'ida ta bambanta zan kawo Rolex Submariner 5513, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1989.

Ka tanadi madubin ƙara girma mai ninki 10, da 'yar tocila mai shuɗin haske irin wadda 'yan canji ke duba takardar kuɗi da ita, da hotunan agogo irinsa na wannan shekara da aka tabbatar da sahihancinsu, musamman na tsofaffin kasidun kamfanin. Buɗe baya kuwa ka bar wa mai gyara da ke da makullin aikin. Wanda ya buɗe da almakashi ko bakin wuƙa zai bar maka ƙarzuna da ba ta gogewa.

Mataki na farko: kafa shekara

Kada ka fara da kyan fuska. Fara da shekara, domin kowane sashe na agogon da ita za ka auna shi.

A marfin bayan Seiko akwai lambobi biyu. Ta farko mai gida biyu ce, kamar 6309-7040: huɗun farko sunan inji ne, huɗun ƙarshe samfurin jiki. Ta biyu ita ce lambar siriyal mai alamomi shida. Alamar farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata ne: 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, O Oktoba, N Nuwamba, D Disamba. Idan ka ga 2D a farko, Disambar 1982 ke nan, tun da tsakanin 1976 da 1988 shekara ɗaya ce kawai ke ƙarewa da 2. Amma idan 7N ka gani, akwai sauran aiki, don yana iya zama Nuwambar 1977 ko ta 1987. A nan sai fuska da marfi su raba gardama. Na farko-farko suna ɗauke da 'yar alamar masana'antar Seiko ta Suwa, mai kama da guguwar ruwa. Na baya-baya babu ita, wasu ma an rubuta a ƙasan fuskarsu cewa a Hong Kong aka harhaɗa su.

Ga wani abu da mutane ke mantawa. Marfin baya abin kwancewa ne, kuma marfin wannan kunkurun yana hawa kan wancan. Shekarar da ka karanta, shekarar marfin ce, sai sauran sassan sun amsa ta sannan ta zama ta agogon. Marfi mai alamar 1978 a kan fuskar da sai bayan 1981 aka fara yin irinta yana nufin ɗaya daga cikinsu baƙo ne.

A Rolex na wancan zamani lambar tana jikin agogon kansa, tsakanin ƙahonnin da ake maƙala sarƙa: siriyal a gefen ƙarfe 6, lambar samfuri a gefen ƙarfe 12. Sai an cire sarƙar ake gani. A cikin marfin baya na shekarun 1960 akan sami tambarin zango da shekara, kamar II.66, watau zango na biyu na 1966, Afrilu zuwa Yuni. Jadawalin da ake fassara siriyal ɗin Rolex da shi masu tara agogo ne suka harhaɗa, ba kamfanin ba, don haka saɓanin shekara guda tsakanin jiki da marfi ba abin tayar da hankali ba ne. Saɓanin shekara shida kuwa magana ce.

Mataki na biyu: san irin baƙon da kake nema

Ba duk sashen da aka canja ne laifinsa ɗaya ba. Akwai wanda agogon ya fito da shi daga masana'anta. Akwai na kamfanin, na wannan samfuri da wannan zamani, amma daga jikin wani agogon aka ciro shi. Wannan raginsa kaɗan ne, sau da yawa ma ba mai iya ganewa. Akwai na kamfanin amma na baya, wanda aka sa lokacin gyara: gangariya ne, sai dai bai dace da shekarar ba. Sannan akwai wanda wani can ya buga a shagonsa ya rubuta sunan kamfani a kai. Wannan jabu ne komai kyansa.

Ka ɗauki takarda ka jera sassan: fuska, hannaye, zobe mai juyawa, maɓallin saita lokaci, jiki, marfi, inji, maɗauri. Gaban kowanne ka rubuta gidan da ya faɗa. Da wannan takarda za ka yi ciniki daga baya.

Mataki na uku: fuska

Nan ne za ka fi daɗewa, don nan kuɗin yake. Jiki ana samu, inji ana samu, amma fuska ta asali mai lafiya ita ce ta yi ƙaranci, domin ita ruwa ke fara ci in ya shiga.

Ɗora madubi a can ƙasa, kusa da ƙarfe 6. Akwai wani ƙanƙanin rubutu da ido ba ya karantawa sosai. A kunkuru na farko-farko za ka ga JAPAN 6309 sannan 704L T. Lambar injin da ke nan dole ta yi daidai da ta marfi. A fuska ta asali waɗannan haruffa sirara ne, tsaf-tsaf, tazararsu ɗaya, kamar an zana da bakin allura. A ta jabu tawadar takan yi kauri, cikin 6 da 9 da 0 ya cushe, layin ya ɗan karkace ko ya matso kusa da ɗigon ƙarfe 6 fiye da kima.

Daga nan ka koma tagar rana da kwanan wata. A fuskar Seiko ta asali bakin tagar a fiƙe yake, ya gangara ciki a hankali. Masu kwaikwayo sukan yanke ta tsaye kawai, ko su yi gangaren ya fi ƙima. Ka karkata agogon a hasken rana, za ka ga yadda bakin ke kama haske.

Sai launi. Baƙin fuskar kunkuru ba ya sheƙi. Jan da ke cikin rubutun WATER 150m RESIST yakan koɗe da shekaru ya koma rawaya-rawaya ko ruwan ƙasa. Agogon da jikinsa ya sha jiki amma rubutunsa ja wur kamar jiya aka buga, to jiya ɗin aka buga.

Kalmomin da ke fuska ma suna da shekarunsu. Yayan kunkuru, watau Seiko 6105, ya fara da WATER 150m PROOF, sai wajen 1970 kamfanin ya koma RESIST. Marfi mai cewa 1975 a bayan fuska mai PROOF bai yi ba. Haka Rolex 5513: fuskoki masu sheƙi da rubutu ruwan zinare sun tsaya wajen 1967, aka koma marasa sheƙi masu farin rubutu, sannan wajen 1984 aka dawo da sheƙi tare da zoben farin zinare a kewayen kowane ɗigo. A rubutun zurfin ruwa, na farko-farko mita ce ke gaba, 200m=660ft, daga wajen 1969 kuma aka sa ƙafa a gaba. Jiki na 1966 ɗauke da ɗigo masu zoben farin zinare yana sanye da fuskar gyara. Ta Rolex ce, ba musu, amma wanda ya je neman agogon 1966 ba ita ya je nema ba, kuma ba zai biya kuɗinta kamar ta asali ba.

Fuskar da aka sake wa fenti ita ce mafi muni a wurina, har ta fi ta jabu, saboda an kashe ta asali kafin a same ta. Alamunta: fenti ya hau gefen ɗigon haske, layukan minti ba su daidaita da ɗigon awa ba, ƙaramin rubutun ƙasa ya ɓace ko an rubuta shi da haruffan da ba nasa ba. Kasuwar intanet cike take da irin waɗannan, musamman masu fitowa daga Indiya da fuskoki kala-kala da Seiko bai taɓa yi ba, da kunkuru masu fitowa daga Filifin sanye da sabuwar fuska da sabbin hannaye da sabon zobe, an goge su suna walƙiya. Arha ba ta ado.

Mataki na huɗu: hodar haske da hannaye

Farin abin da ke kan ɗigo da hannaye, wanda ke haske a duhu, shi ne shaidar da ta fi wuyar saye. A agogon Suwizalan an yi amfani da radiyam har wajen 1963, sannan aka koma tiritiyam, wanda ake nunawa da rubutu kamar SWISS - T<25 a ƙasan fuska, har wajen 1998 da aka koma hodar zamani wadda ba ta da tururin nukiliya. Ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12.3. Na 1975 ya rabu biyu sau huɗu ke nan, abin da ya saura bai fi kashi ɗaya cikin 16 ba. Ba zai yi haske da kansa cikin dare ba.

Shiga ɗaki mai duhu, haska tocilar nan a fuskar na ɗan lokaci, ka kashe. Tsohuwar hoda za ta ɗan yi haske ta mutu nan da nan. Ta zamani za ta kama kore shar ta daɗe. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ko duka suna mutuwa tare. Idan ɗigon fuska sun mutu amma hannaye na ci gaba da haske, an canja hannayen ko an sake cika su. Da rana ma ka kwatanta launi. Ba dole ya zama iri ɗaya sak ba, don hannaye da fuska ba lallai su tsufa daidai ba, amma fari fat a kan hannu da ruwan madara mai duhu a fuska ba tafiyarsu ɗaya ba. Akwai masu rina sabuwar hoda ta yi kama da tsohuwa. A madubi takan fito sumul ko ta taru kamar ɗigon fenti, ta asali kuwa tana da ɗan gari-gari, gefenta a tsare.

Baƙi-baƙin da ke cin gefen ɗigo a tsofaffin Seiko alamar danshi ne. Yana rage kyau, yana rage kuɗi, amma yana shaida cewa hodar ta asali ce.

Siffar hannaye ma ka duba. Hannun daƙiƙa na kunkuru ƙwallon haskensa a wutsiya yake. Na 6105 kuwa a kusa da baki yake, mai ɗigo biyu, ɗaya ja. Hannun minti ya kai bakin layukan minti. Gajere ko wanda ya wuce, na wani agogon ne.

Gargaɗi: idan agogon ya girmi 1963, ka ɗauka radiyam ne a kansa har sai na'urar auna tururin nukiliya ta ce ba shi ba ne. Radiyam sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Ko ya daina haske yana nan da ransa. Kada ka buɗe shi a ɗakinka, kada ka hura ƙurarsa.

Mataki na biyar: zobe, gilashi, maɓalli, maɗauri

Gilashi da robobin toshe ruwa da maɗauri kayan ƙarewa ne, ba wanda zai rage maka kuɗi sosai don an canja su. Idan aka yi sa'a kunkuru ya zo da maɗaurin robarsa na asali mai lamba GL831, ƙari ne, ko da ya bushe ba ya ɗauruwa.

Zobe mai juyawa da farantin lambobinsa sun fi nauyi. Na kunkuru yana juyawa dama da hagu, yana ƙas-ƙas sau 60 a zagaye. In ka ji yana tafiya gefe guda kawai kamar na zamani, an yi masa aiki. Ɗigon hasken da ke kan alamar 12 a faranti na asali a lotse yake cikin raminsa, na kwaikwayo yakan kumburo waje. Faranti sabo fil a kan jiki mai tabo, ka san amsar. A Rolex kuwa tsohon faranti na asali da ya koɗe ya yi toka-toka shi kaɗai kuɗi ne mai yawa, shi ya sa ake jiƙa sababbi a sinadarin wanki don su koɗe. Koɗewar rana ba ta zuwa bai ɗaya, kuma tana zuwa da ƙarzunar shekaru.

Maɓallin kunkuru yana wajen ƙarfe 4, kuma murɗa shi ake yi ya shige kamar noti. Ka ƙirga zagayen da yake yi kafin ya kama. In da ƙyar yake yin ɗaya, haƙoran sun cinye, kuma gyaran na jiki ne, ba na maɓalli kaɗai ba. Na 6105-8110 ba a murɗa shi haka. Turawa ake yi a ɗan juya ya kulle, kuma an rubuta LOCK da kibiya a kansa.

Mataki na shida: jiki

Tabo ba ya kashe agogo, guga ce ke kashe shi. Duk lokacin da aka kai jiki bakin injin gogewa, ƙarfe ake ci, kuma ba ya dawowa. Saman kunkuru yana da siraran layukan burushi masu bin zagaye, gefensa kuma yana sheƙi, tsakaninsu akwai kaifi da yatsa ke ji. Wanda aka cinye da guga ko'ina sheƙi yake, gefunan sun dulmuye. A Rolex ka kwatanta kaurin ƙahonni huɗun, ka duba ramukan da sandar sarƙa ke shiga: in bakin ramin ya baje ko sandar ta leƙo waje, an ci ƙarfe da yawa.

In an buɗe baya, ka duba inda roba ke kwanciya. Gishiri da gumi sukan haƙa ƙananan ramuka a wurin. In sun yi zurfi, agogon ya gama hana ruwa shiga, ko an sa sabuwar roba.

Mataki na bakwai: inji

Mai sayen doki baki yake buɗewa ya ga haƙori. Kai ma kada ka biya kuɗi mai nauyi ba ka ga ciki ba. Injin kunkuru 6309A ne, mai ƙananan duwatsun rage gogayya 17, yana bugu 21,600 a awa, watau shida a daƙiƙa. Ba a yi masa wani da hannu, motsin hannunka ne ke cika shi, kuma hannun daƙiƙa ba ya tsayawa in ka ja maɓalli. In ya tsaya, ko dai injin 6306 ne, ɗan'uwansa mai duwatsu 21 da aka yi don kasuwar Japan, ko an yi masa ƙari. In kuwa hannun daƙiƙa tsalle yake yi ɗaya-ɗaya, an cusa masa inji mai batir, galibi 7548, wanda ke shiga wannan jiki.

Wahalar ita ce Seiko ya sa injin 6309 a ɗimbin agogon Seiko 5 na yau da kullum, irin waɗanda alhazai suka riƙa kawowa tsaraba. Ciro inji daga ɗayansu a sa wa kunkuru abu ne mai sauƙi, kuma in an yi da kyau ba ya rage kuɗi sosai. Inda asiri ke tonuwa shi ne faifan ranaku: in an ɗauko shi daga agogon da maɓallinsa ke wani wuri daban, sunan ranar zai zauna a karkace cikin taga, bai yi layi da kwanan wata ba. Ranaku da Larabci da Ingilishi kuwa ba alamar jabu ba ne, Seiko ya yi su don kasuwar ƙasashen Larabawa.

Duba tsatsa, musamman wajen sandar maɓalli, da kawunan sukurori da aka ci, da gam a inda bai kamata ba. Rolex 5513 ya fito da inji 1530 a farko, daga baya 1520.

Takardu da sunan babban dillali suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin ido. A Nuwambar 2021 an sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a gwanjon Phillips a Janeba kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, kuma kamfanin Omega ne da kansa ya saya. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne daga sassan agogo daban-daban, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki.

Mataki na takwas: lissafi da ciniki

Nemo farashin da aka sayar da cikakken na asali, ba wanda ake nema ba. A eBay akwai inda ake tace waɗanda aka riga aka sayar, gidajen gwanjo kuma suna wallafa sakamakonsu. Abin da ke Chrono24, kasuwar agogo ta intanet, kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba lallai wanda aka biya ba. Yi lissafinka da dala, tun da da ita za ka sayi sassa, sannan ka juya zuwa naira ko sefa a farashin ranar.

Daga wannan adadi ka cire kuɗin nemo kowane sashe na daidai, da kuɗin aikowa da kwastan, da ladan mai gyara. Ka ƙara cire wani abu, domin agogon da aka mayar wa sassa bai kai wanda bai taɓa rabuwa da nasa ba. A ce cikakke 100 ne. Wanda gilashi da maɗauri kawai aka canja, ni zan taya kusa da 100 ɗin. Mai fuska da hannaye na asali amma farantin zobe na kwaikwayo, zan sauko kaɗan. Mai fuskar jabu ko ta fenti, ba zan kai rabi ba, domin abin da nake saye jiki ne da inji. A Rolex ramin ya fi zurfi, saboda fuska mai rubutun zinare ita kaɗai tana iya fin sauran agogon kuɗi.

Sai ka yi lissafi na biyu daga ƙasa: in aka wargaza agogon aka sayar da sassansa na gaske ɗaya-ɗaya, nawa za su kawo? Tayinka ya zauna tsakanin waɗannan adadi biyu. Wani lokaci haɗin gambiza yakan ɓoye sashe mai daraja, kamar fuskar Suwa mai lafiya a cikin jiki da ya lalace, sai lissafin ƙasa ya fi abin da mai kaya ke nema.

Wajen ciniki kada ka ce wa mutum kayansa jabu ne. Sau da yawa shi ma haka ya saya. Ka ce, "Alhaji, fuskar nan ba tata ba ce, ga inda na gani," ka miƙa masa madubi. In ya ce albarka, ka bar masa tayinka ka tafi. In ta intanet ne, ka nemi hoton marfi, da na inji, da na ƙasan fuska daf da daf, da na hodar haske a duhu, da yarjejeniyar mayarwa a rubuce. Wanda ya ƙi buɗe baya yana so ka yi cinikin biri a sama. Ranar da kai ma za ka sayar, takardar nan ta mataki na biyu ita za ka nuna wa mai saye, tun da bayyana aibin haja wajibi ne.

In agogon ya zama naka, ka gaya wa mai gyara a fili: a wanke inji, a sa mai, a canja robobi, kada a goge jiki, kada a taɓa fuska da hannaye, kuma duk abin da aka cire a dawo maka da shi a leda. Rubutun 150m da ke fuskar alkawarin shekarar da aka ƙera shi ne. Har sai an gwada shi a na'urar matsin iska ya tsallake, ka riƙa cire shi kafin alwala, kuma kada ruwan damina ya same shi a hannunka.